Baƙon damina

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Da wannan karin magana ne wani malamin labarin ƙasa na wata koleji a Birnin Ƙonni ya shawo kan iyayen yara biyar, a ƙarshen watan Yuli na 2018, sa'ad da ya bi su gida-gida yana neman izinin fita da ƴaƴansu yawon ganin ƙasa. Iyayen suka yarda saboda nauyinsa da suke ji. Sai dai mahaifin ɗaya daga cikin yaran, wani manomi na bayan gari, ya dube shi ya ce: «Mushe, cikin damina?» Malamin ya yi murmushi, ya ce ai yanzu ne ake babban hutu. Tsohon bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Asalin tafiyar kuwa darasi ne na aji. Kowace shekara malamin yakan koyar da babin ƙasashen Asiya masu babbar damina, inda iska ke juyowa daga teku wajen watan Mayu, ta yi ta zubar da ruwa har Oktoba. Cikin ƙasashen nan ya fi son tsayawa kan Lawos, domin tana da kama da Nijar ta fuskoki da dama: ba ta taɓa teku ba, Faransa ce ta mallake ta har 1953, kuma kogi guda ne ƙashin bayanta. Kogin shi ne Mekong, wanda ya taso daga tuddan Tibet, ya ratsa Sin da Bama da Lawos da Tailan da Kambodiya da Biyetnam, tsawon fiye da kilomita 4000. Ruwan da ke sauka a Biyantiyan, babban birnin ƙasar, ya ninka na Ƙonni sau uku a shekara. Yawancin mutanenta mabiya addinin Buda ne.

Wata rana, don ya gusar wa yaran da barci, sai ya nuna musu wani ɗan fim a waya. Samari ne da ƴan mata na Turai, kowa da jakar goyo a baya, sun cika wani dogon jirgin katako a garin Huwai Sai. Kwana biyu jirgin ke yi yana gangarawa, a kwana a Pakbeng, kashegari a isa Luwang Parabang, tsohon birnin sarakuna wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tun 1995, shekara 18 kafin Agadas. Ruwan sama na dukan rufin jirgin, kogin ya yi jawur, matafiyan na ta dariya da mutanen da ba su sani ba jiya. Da fim ɗin ya ƙare sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu: «Mushe, mu ba mu da gulbi ne?»

Suna da shi. Magiya ce, mai tasowa daga wajen Buza, ta gangaro ta Tsarnawa da Ƙonni, ta je ta mutu a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Madatsun Mozage da Zango ne ke tare ruwanta don gandun noman rani na Ƙonni mai kadada sama da 2000. Amma Magiya ba Mekong ba ce. Wata tara tana kwance yashi, yara na wasa a gadonta, ba ta tashi sai da damina, saboda haka duk mai son ganin ta da rai dole ya fita cikin ruwa. Hujjar malamin ke nan, kuma a kan allo hujja ce mai kyau. Suka tsara hanya: su bi kwarin zuwa Tsarnawa da Malbaza da Galmi, sa'an nan su yi arewa maso yamma, su hau tudun Adar, su faɗa Tajaye, su ƙare a Illela ta Sarkin Adar. Kilomita ɗari da ƴan kai, kwana 10, duka a ƙasa. Suka sayi jakunkuna a gwanjo, kowa ya naɗe tabarma da sange, aka zuba garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da ganyen shayi, kowa ya ba da jika 10 aka damƙa wa babbansu.

Kwana huɗun farko sun yi daɗi, kuma ba laifi a faɗi haka. Wanda bai ga ƙasar nan ba sai da rani, daga tagar mota, bai san ta ba. Tsaunukan da ke baƙi ƙirin cikin Afrilu sun yi gashi kore, hatsi ya kai ƙirji, dawa ta rufe kwari, kowane rami ya zama tabki mai kwaɗi da shamuwa. Suka wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, suka hango bututun masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke nan tun shekarun 1960, suka kwana kusa da rumbunan albasar Galmi. Suka kuma koyi abin da kowane ayari ke koya: akwai mai sauri da ke ganin ana ɓata masa lokaci, akwai mai kanta a ƙafa da ba ya faɗi, akwai mai riƙon kuɗi da kowa ke zargi. A rana ta biyu an yi cacar baki kan sukari. A ta uku malamin ya kafa doka cewa mafi rauni shi zai shige gaba, kowa ya bi takunsa.

Abu ɗaya dai ya riƙa damun sa tun daga farko, ko da yake bai ba shi suna ba. Duk ƙauyen da suka shiga da hantsi sai su tarar da shi wayam, daga tsofaffi sai awaki. Mutane na gona. In sun ratsa, manomi zai miƙe daga duƙe, ya dafa ƙugu, a gaisa, ya tambayi inda za su. In suka ce yawon ganin ƙasa suke, sai a yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi wa wanda ba a so a kunyata. Wasu suka ɗauke su ƴan furoje, wasu masu ƙidaya, wata tsohuwa ta tambaye su ko rasuwa aka yi musu.

Tambayar tsohuwar na da tushe. Ƙasar Hausa ƙasar matafiya ce, amma tafiyarta na da kalanda. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da rani suke tashi. Almajiri da malaminsa bayan girbi suke ɗaukar allo. Adarawa, waɗanda ba a fi su biɗa ba, sai an ɗaure damma suke kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, kuma da an ga hadarin farko tashoshin mota za su cika da masu komowa. Wanda aka gani a hanya cikin Agusta, to, lalura ce ta fito da shi: ciwo, ko mutuwa, ko yunwa. Samari shida ƙarfafa, da hannuwa 12 babu hauya ko ɗaya, abu ne da idon ƙauye bai san inda zai ajiye shi ba.

A rana ta biyar, bayan sun bar Galmi, hadari ya taso daga gabas da azahar. Suka fake ƙarƙashin wata rumfar gona, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar sakaliya. Da suka isa ƙoramar da ke tsakaninsu da ƙauyen da suke son kwana, sai suka tarar ta cika ta batse, tana tafe da itatuwa da karan dawa, tana ruri. Mai saurin nan ya tuɓe takalmi, ya ce ruwan bai wuce ƙugu ba. Malamin ya hana, amma da murya mai rawa, domin shi ma yana lissafin kwanakin da za su ɓata. Suka yanke shawarar bin gaɓa su nemi mashigi mai faɗi. Hanya ta nutse, don haka suka faɗa cikin wata gonar dawa, su shida a jere, ƙafa na lumewa cikin laka, jakunkuna na karya kara dama da hagu.

A ƙarshen gonar mai ita na tsaye, dattijo ne da buhu a ka maimakon laima. Ya dubi hanyar da suka buɗe cikin dawarsa, ya dube su.

«Sannunku, samari. Mi kuka biɗa?»

«Baba, mashigi muke nema,» in ji malamin. «Ka yi mana gafara, ba mu ga hanya ba.»

«Babu mashigi yau, ɗana. Wanga ruwa ba na nan ba ne, daga tudu ya taho, kuma bai gama tahowa ba. Ku biyo ni, amma ku taka inda na taka.»

Bai yi maganar dawar ba, a ranar ko bayanta. Ya kai su wani ƙauye na wannan gaɓar, wajen mai gari, aka share musu zaure. Kafin su gama wanke laka, ƙwaryar fura ta iso. Bayan isha'i akussa uku suka shigo daga gidaje uku. Da safe aka ga gawar wani sa maƙale a jikin bagaruwa, daidai inda yaron ya so tsallakawa, kuma ranar ba a ji bakinsa ba. Marka ta kama, ƙorama ta ƙi sauka. Kwana uku suka yi a zauren nan.

Yaran birni huɗu sun ji daɗin zaman. Suna shayi, suna karta, suna cewa mutanen karkara akwai karamci. Ɗan manomin ne kaɗai ya daina cin abinci sosai. A dare na biyu ya matso kusa da malamin ya rage murya.

«Mushe, kun lura da tuwon nan? Na masara ne. Nan ba a noma masara. Awo suke yi.»

Malamin bai gane ba, sai yaron ya ƙara bayani. Ya leƙa gidan da ke aiko da akushi mafi girma. An ɗage hular rumbu, ba komai ciki sai ƙaiƙayi. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, kuma yaran gidan kwaɗon tafasa suka ci da rana. Watan Agusta ne, tsakanin tsohon hatsi da ya ƙare da sabo da bai nuna ba, lokacin da tiya ke kai ƙarshen tsadarta, lokacin da magidanci ke barin gonarsa ya yi ƙwadago a ta wani don ya samo awon yini. Malamin ya san wannan duka. Yana da sunansa da Faransanci, yana zana shi a allo kowace shekara, har yakan ba da shi a jarrabawa. Bai taɓa tunanin wata rana zai zauna ya cinye shi da miyar kuka ba.

Da asuba ya karɓi jika 15 daga mai riƙon kuɗi, ya sami mai gari bayan salla.

«Ranka ya daɗe, ga ɗan abin da za a rage wa mata wahala.»

Mai gari ya dubi kuɗin kamar an miƙo masa garwashi.

«Mushe, mai da kuɗɗinka aljihu. Nan ba otal ba ce. Baƙo raɓa ne, yau yana nan, gobe babu shi. In aka ji mun sai da tuwo ga wanda ruwa ya tare, da wane ido za mu dubi maƙwabta?»

A nan ne malamin ya ga bambancin da fim ɗin bai nuna ba. Baturen da ke gangara Mekong yana biyan kujerarsa a jirgi, ya biya ɗakin kwana a Pakbeng, ya biya shinkafarsa. Damina ma lokacin ƙarancin baƙi ce a can, mai masauki murna yake da shi. Kuɗin tafiyarsa a rubuce yake, kuma daga aljihunsa yake fita. A ƙauyen Adar ba a rubuta komai, ba a karɓar komai, amma wannan bai sa tuwo ya zama kyauta daga sama ba. Wani ne ke biya, kuma mai biyan ba zai taɓa faɗi ba, domin faɗin ya fi yunwar ciwo. Da rani, bayan girbi, nauyin baƙo shida abu ne da gari zai ɗauka yana dariya. Cikin Agusta kuwa, daga bakin yara ake ɗebo shi.

Sai kuma ya tuna wani layi na darasinsa, wanda yakan wuce da sauri don ba ya fitowa a jarrabawa. A Lawos da maƙwabtanta, masu zuhudu na addinin Buda, waɗanda ke fita da sassafe cikin mayafi ruwan goro suna karɓar sadakar shinkafa kamar almajirai, ba su yin tafiya da damina. Wata uku, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kowa na zaune a gidan ibada guda, ba ya kwana a wani wuri sai da lalura, kamar ciwon mahaifi, shi ma kada ya wuce kwana bakwai. Mutanen Lawos na kiran shigar lokacin Kawo Pansa, fitarsa Ok Pansa, kuma da tseren jirage ake bikin ƙarewarsa. Littattafansu sun ce asalin dokar ƙorafi ne na talakawa, fiye da shekara 2400 da suka wuce: mabiyan Buda na yawo cikin ruwa, suna tattake shuka, suna kashe ƙananan halittu. Da ƙorafin ya kai gare shi sai ya umarce su da zama. Wato a ƙasar da ya ɗauko wa yaransa misalin yawon damina, masu ilimin ƙasar zama suke yi, baƙi ne ke yawo. Malamin musulmi ne, ɗan musulmi, ba ruwansa da aƙidar mutanen can. Amma ya ga hanyar da suka buɗe cikin dawar dattijo, ya kuma san cewa ƙorafin manomi iri ɗaya ne ko da wane harshe aka yi shi.

Mai gari ne ya fitar da shi daga kunya. Da ya ga malamin ya kasa tashi, sai ya yi gyaran murya.

«In dai kuna son ku yi muna wani abu, ga gonar tsohuwar da ke aiko muku da babban akushi. Ɗanta ya tai Libiya, shekara biyu ba labari. Ba a yi mata maimai ba, ciyawa na cin hatsin.»

Aka aro hauyoyi shida. Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Kafin hantsi hannuwan ƴan birni sun yi ƙurji, malamin ya sare hatsi ya fi sau goma yana zaton ciyawa ce, yaran gari suka taru a kan iyaka suna dariya har da faɗuwa. Ɗan manomin ne ya ja gaba, shi da ya saba zama a bencin ƙarshe, yana nuna wa malaminsa yadda ake riƙe ƙota. Da azahar samarin gari uku suka shigo, don ba su iya kallon ɓarnar ba. Yini biyu aka yi, gonar ta fita. Tsohuwar ta zo da fura a ka, ta tsaya ta dubi kunyoyin, ta ce wa malamin: «Allah shi yi maka albarka, ɗana. Amma kai dai riƙe alli.»

Ko aikin ya biya abin da suka ci? Malamin ya yi lissafin a ransa, ya ga da ƙyar. Ya kuma san dawar dattijo ba ta shiga lissafin ba.

Ran da ƙorama ta sauka, ayarin ya rabu. Ɗan manomin ya ɗaure jakarsa ya ce shi Ƙonni za shi. Ya ce tun da ya kama hauyar nan yake ganin mahaifinsa shi kaɗai cikin gona, da ƙannensa biyu da ba su kai ba. Malamin ya ba shi kuɗin mota daga Galmi, bai yi ƙoƙarin tsayar da shi ba. A lokacin ne ya ji tambayar nan ta ƙofar gida, «cikin damina?», da dukan abin da ke cikinta.

Sauran suka ci gaba, amma da sabon tsari. Suka sayi awo a kasuwa, suna dafa nasu, suna kwana a ajin lakwal inda aka ba su izini. A tudun Illela suka ratsa gonakin da a da faƙo ne, yanzu cike da ƙananan ramuka jere-jere, kowane da tsiron hatsi a tsakiya. Tassa ke nan: a haƙa rami da rani, a zuba taki, ruwan da zai gudu ya tsaya. Wasu manoman Illela ne suka je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka ga yadda ake gyara irin ramukan a can, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikaya. Su ma ayari ne, su ma ganin ƙasa suka je yi. Malamin ya tsaya ya daɗe a bakin wata gona, yaran na jiran bayani, bai yi ba.

Ba a ce yara su daina fita ba. Ƴan koleji nawa ne a Ƙonni suka san sunan Mekong ba su taɓa ganin Mozage ba? Yaran nan huɗu sun dawo da abin da allo bai ba su, kuma ɗayansu ya dawo da ransa saboda dattijon da suka ɓata wa gona. Wanda ya ga ambaliyar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ya san ƙorama ba abin wasa ba ce. Abin da ake cewa shi ne, mai fita yawo ya tambayi kalandar masu masaukinsa kafin ya dubi tasa. Babban hutu ya faɗo cikin damina, gaskiya ne, amma a gidaje da yawa sunansa lokacin noma.

Bayan girbin shekarar, malamin ya hau babur ya koma ƙauyen da buhun hatsi rabi da ƙwaryar goro. Wannan karon an karɓa, domin rumbuna sun cika, kyauta ta zama kyauta. Ya ba dattijo goro, ya sake ba shi haƙuri kan dawar. Dattijon ya ce wace dawa? Fita ta biyu da ya shirya wa ɗalibansa, cikin hutun Disamba ya sa ta, kowa da tiyarsa biyu a jaka. Magiya a lokacin yashi ce, suka bi ta tsakiyarta har Tsarnawa, kuma ɗan manomin ne ke gaba.